Amsoshin Tambayoyinku: Ƙoran Kaka da Tarihinta

Jama'a masu saurare, barkanmu da yamma daga nan Gombe. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa ba ya jira. Tare da ni akwai Malama, mai koyar da zane da sana'ar hannu.

Wani ɗan'uwa daga Kaltungo ya ce ya gāji tsohon Littafi Mai Tsarki na kakarsa, yana tambaya yaushe aka fara buga shi cikakke da Hausa. A 1932 ne. Ka duba shafin farko na naka, shekarar bugunsa tana nan.

Wata kuma daga Dadin Kowa ta ce za su rubuta tarihin kakarsu amma ba wanda ya san ranar haihuwarta. 'Yata, kada ku ƙirƙira. Ku nemi katin baftisma ko rajistar ekklesiya, in ba a samu ba ku rubuta "wajejen shekara kaza".

To, ga wadda ta taɓa ni, domin mutum huɗu suka aiko irinta. Wata jika daga Billiri ta ce kakarta ta rasu bara, ta yi fiye da shekara 40 a zumuntar mata, ita ce mai kiɗa tulu in an ta da waƙa, kuma gwana ce a zanen ƙwarya. Ta bar ƙorai kusan 30 da faya-fayai. Suna so su baje su ranar sujadar tunawa da ita, amma wani gari yana zubowa daga cikinsu, biyu kuma sun tsage. Ta ce har ta sayo banish, wato man da ake shafa wa katako don ya yi sheƙi, za ta shafa. Haba 'yata, ajiye wannan gwangwani tukuna! Malama, bismilla.

Malama: Na gode. Ka san zanen ƙwarya iri-iri ne. Akwai na ƙuna, wanda ake ɗora wuƙa a garwashi ta yi ja a zana, kamar yadda matan Waja da Tera suke yi. Akwai kuma na tsaga da tsinin ƙarfe, a goga baƙin tukunya da mai a cikin layukan, irin na Fulani. Kowace mai zane da hannunta, har a kan gane...

Malama, garin da ke zuba fa?

Malama: Af, to. Ƙwaro ne ke cin ta daga ciki. A kife kowace ƙwarya a kan baƙin ƙyalle na mako ɗaya. Wadda ta zubar da sabon gari, ƙwaron yana da rai, a ware ta. A naɗe ta da farin ƙyalle, a sa a leda, a matse iska a ɗaure tam, a sa a firiza wadda ba ta narkewa har mako biyu. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ku roƙi masu sayar da ƙanƙara da ke da janareta. In an fito da ita kada a kwance ledar sai bayan kwana ɗaya, domin raɓar ta sauka a kan leda, kada ta jiƙa ƙwaryar. Kada a fesa maganin sauro, yana barin tabon mai. Banish kuwa yana komawa ruwan ɗorawa da shekaru, ya cike layukan zanen, kuma cire shi sai an kankare aikin.

Kin ji ko, jikar kaka? In maimaita: baƙin ƙyalle mako ɗaya, firiza mako biyu, leda a ɗaure kwana ɗaya. Ban da banish, ban da feshi.

Malama: Ban da wanki ma. Ƙura, buroshi mai laushi ya isa. Wadda ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, ya fi gam. Ajiya kuma a kan katako, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bango mai laima da damina saboda fumfuna. Da hunturu kada a bar su a rana, bushewa ce ke tsaga su. Kada a cusa ƙarama cikin babba da ƙarfi, a sa ƙyalle a tsakani.

Ni kuma ga nawa ra'ayin. Kafin ku raba wa jikoki, ku ɗauki hoton kowace ɗaya, ciki da baya. Ku kira tsofaffin ƙawayenta na zumunta, ku kunna rikodin waya, ku miƙa musu ƙwarya ɗaya bayan ɗaya. Su ne za su ce wannan ta auren wance ce, wannan a cikinta take kai baikon godiya na girbi coci. Ku rubuta a ƙaramar takarda ku ɗaura da zare, kada ku yi rubutu da alƙalamin maka a jikin ƙwaryar. Kuma ku yi shi a wannan wata, domin ƙawayen nan su ma shekaru sun ja. Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Saura minti ɗaya. Wani saurayi daga Bauchi yana tambaya ko a karanta tarihin kaka da Hausa ko da Tangale. Ɗana, da harshen da take addu'a da shi, sai a fassara wa baƙi. Malama, mun gode. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.