Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Japan a Najeriya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Mai Girma Jakada, lale marhabin da zuwa Kano ta Dabo, tumbin giwa. Girman ƙasarka ba sai mun faɗa ba, motocin da ke kan titunanmu sun riga mu faɗa.

Ranka ya daɗe, kukanmu na farko wuta ne. Hotunan ukiyo-e, wato zanen gargajiya na Japan da ake bugawa da allon katako, da aka ba gidan tarihinmu aro sun iso lafiya, amma yawancinsu na nan cikin akwati. Sharaɗin masu su shi ne kada haske ya wuce lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, danshin ɗaki kuma ya tsaya wajen kashi 50 cikin ɗari, dare da rana. Takardar ta ɓawon itace ce, bushewa na sa ta ƙanƙance, launin da haske ya ci kuwa ya tafi ke nan. Ga hunturu a bakin ƙofa, ga janaretonmu ya tsufa.

Ranar da muka buɗe hoton igiyar ruwa na shahararren mai zanen Japan Hokusai, wanda aka buga wajen 1831, sai da marina suka zo kallo. Aka gaya musu kowane launi da allon katakonsa, da hannu ake murza takarda a kai, suka jinjina. Da suka ji wani shuɗin asalinsa daga Turai yake, suka yi murmushi. Mu namu baba ne. Karofin Ƙofar Mata, in ji magabata, tun 1498 ake rini a cikinsa. Da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo a 1851, ya tarar tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu. Yau yadin waje ya cika Kwari, ramuka da dama sun zama juji, 'ya'yan marina sun koma tuƙa adaidaita. Baƙi kan zo su ɗauki hoto su wuce.

Muna roƙon a turo mana gwanin bugu ɗaya ya zauna da yaranmu, ko na mako biyu ne. Wannan zai iya jira. Abin da ba zai jira ba shi ne sola da batura da na'urar daidaita danshi, ta hanyar tallafin al'adu da ofishinka ke bayarwa.

Ga rigar kore, rinin Ƙofar Mata, tsarabar kwamiti. Takardar lissafin solar na cikin aljihunta, ranka ya daɗe.