Ƙurar Reggane da haƙoran famfara

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Malam Sani, kafin mu kunna na'ura ka ce zanga-zanga ba ta taɓa kwance bam ko ɗaya ba.

Sani: Ina nan kan bakana, Hadiza. Ƙasashe 9 ne ke riƙe da makaman nukiliya yau, kuma babu wadda ta sa hannu a yarjejeniyar haramta su ta 2017.

Hadiza: Gaskiya ne. Amma mu koma 13 ga Fabrairu 1960, ranar da Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Lokacin hunturu ne fa. Iskar da ke busar mana da leɓe daga can take tasowa.

Sani: Dole hankali ya tashi.

Hadiza: Tun 1959 wasu masu fafutuka suka taso daga Accra da goyon bayan Nkrumah, jagoran Ghana na lokacin, wai sai sun isa filin gwajin da kansu. Faransawa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mu kuma a Janairun 1961, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas.

Sani: Amma Faransawa ba su daina gwaji a Sahara ba sai 1966. Sun dai koma fasawa a cikin dutse.

Hadiza: To, me ya sa manyan ƙasashe suka koma ƙarƙashin ƙasa? Abin da ya fi taɓa ni shi ne na birnin St. Louis a Amurka. Iyaye suka riƙa aika wa masu bincike haƙoran famfarar 'ya'yansu, sama da 300,000. Aka auna, aka sami gubar bam a ciki. Ta sauka kan ciyawa, saniya ta ci, yaro ya sha madara.

Sani: Subhanallahi. Haƙorin da yaranmu ke jefawa kan rufin ɗaki.

Hadiza: Shi. A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka amince su daina gwaji a sararin sama da cikin ruwa.

Sani: Na yarda an rage ƙurar. Makaman fa?

Hadiza: Suna nan, Malam, ban musa ba. Najeriya dai ta tabbatar da yarjejeniyar 2017 ranar 6 ga Agusta 2020, shekara 75 cif da jefa bam a Hiroshima.

Sani: To, mako mai zuwa ki zo mana da labarin waɗanda suka tsira a Hiroshiman.