Ƙaramin injin iska na aikin gida: wanne ya dace a saya a Kano?

Malam Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Kano. A yau za mu tattauna ne a kan ƙaramin injin matse iska, wato kwamfiresa irin wadda mutum zai iya ɗauka ko ya ja a kan tayoyinta, ya yi 'yan aikace-aikacen gida da ita, kamar hura taya da buga ƙusa da feshin fenti. Kamar kullum ina tare da Hajiya Rabi da Injiniya Aminu. Hajiya, ke kika kawo batun, saboda haka da ke za mu fara.

Hajiya Rabi: Na gode, Malam. Abin da ya sa na kawo shi shi ne, samari biyu a gidanmu sun fara koyon kafinta, suna gyaran kujeru da haɗa 'yan kantoci, kuma ga ƙofar gida ta ƙarfe tana neman sabon fenti. Da na fara tambaya a shagunan kayan aiki na Sabon Gari, wajen France Road, sai na tarar kowane mai shago lambobi biyu yake nuna mini, wato ƙarfin doki da girman tanki. Wannan ya ce nasa doki 2 ne mai lita 24, wancan ya ce nasa doki 3 ne mai lita 50. Injiniya, shin waɗannan lambobin ne ya kamata mai saye ya duba?

Injiniya Aminu: Suna da amfani, Hajiya, amma ba su ne kan gaba ba. Lambar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce yawan iskar da injin yake iya fitarwa a minti ɗaya, wadda ake rubutawa da lita a minti, ko kuma da CFM, kuma CFM ɗaya kusan lita 28 ne a minti. Matsin iska kuwa, wanda ake aunawa da bar ko PSI, kusan duk ƙananan injinan nan ɗaya suke a kansa, domin yawancinsu suna tsayawa ne a bar 8, wato kimanin PSI 116, alhali tayar ƙaramar mota PSI 30 zuwa 35 kawai take so, kayan aikin iska kuma galibi an ƙera su ne su yi aiki a PSI 90. Ke nan matsi ba shi ne yake ƙarewa mutum a tsakiyar aiki ba, yawan iskar ne yake ƙarewa.

Malam Bashir: To ai na ga wasu kwalayen an rubuta lita 200 a minti, har da sama da haka. Wannan bai wadatar ba?

Injiniya Aminu: A nan ne ake yawan ruɗar mai saye, Malam. Lambar da aka fi bugawa da manyan baƙaƙe ita ce iskar da fistan yake zuƙa a lissafi, ba wadda take fitowa ta bakin tiyo ba, kuma wadda take fitowa ɗin takan gaza waccan da kusan kashi ɗaya bisa uku, wani lokaci fiye. Amma akwai gwajin da kowa zai iya yi a cikin shago da agogon wayarsa. A buɗe tankin iska ta fita duka, geji ya koma sifili, sannan a rufe a kunna injin, a duba minti nawa ya ɗauka kafin ya kashe kansa. Sai a ninka litar tankin da adadin bar ɗin da ya kai, a raba da mintocin. Tanki mai lita 24 da ya kai bar 8 ya haɗiye lita 192 ke nan. Idan a minti biyu ya cika, to iskar da yake bayarwa ba ta wuce lita 96 a minti ba, komai aka rubuta a jikin kwalinsa.

Hajiya Rabi: Wannan lissafi ya yi mini, domin ba ya buƙatar in yarda da maganar kowa. To lita 96 ɗin nan, wane aiki za ta yi, wanne kuma za ta gaza?

Injiniya Aminu: Aikin samarin gidanki za ta yi shi ba tare da wata wahala ba. Bindigar ƙusa ta kafintoci da ta buga maƙalar yadin kujera iska kaɗan suke ci a kowane bugu, sannan su tsaya, tankin ya samu sarari ya cika. Haka hura tayar mota da babur da Adaidaita Sahu, da kakkaɓe ƙura daga janareta ko bayan firji. Inda matsala take shi ne feshin fenti, domin bindigar feshi ba ta hutawa muddin yatsa na kan kunamarta, kuma mai kyau daga cikinsu tana cin lita 200 ko sama da haka a minti. Injin nan yana kashe kansa a bar 8, ya sake tashi idan ya sauko bar 6, wato ajiyar da ke tsakani a tanki mai lita 24 ita ce lita 48 kacal. Bindigar da ke cin lita 200 za ta shanye wannan a cikin daƙiƙa 15, daga nan injin zai tashi yana bin ta a baya ba ya cim mata, matsi ya riƙa sauka, fentin ya fara fita da ɗigo-ɗigo, injin kuma ya yi ta zafi domin ba a ƙera shi don ya yi ta gudu babu tsayawa ba.

Hajiya Rabi: Ke nan ƙofar gidanmu ba za ta fentu da shi ba?

Injiniya Aminu: Za ta fentu, idan aka sayi ƙaramar bindigar feshi mai cin iska kaɗan, aka kuma yi haƙuri ana fesa ɓangare ɗaya ana dakatawa. Ƙofa ɗaya ko taga ko kujerun ƙarfe ba su fi ƙarfinsa ba. Mota guda ko bangon gida kuwa sun fi ƙarfinsa, har mai lita 50 ma idan famfonsa ɗaya ne da na mai lita 24, kamar yadda aka saba gani, domin babban tanki jinkirta ƙarewar iska kawai yake yi, ba ya ƙara ta.

Malam Bashir: Bari in shigo da abin da ni ya fi damuna, wato wuta. Duk wanda ke zaune a Kano ya san akwai unguwannin da ko an kawo wutar KEDCO, musamman da zafin Afrilu lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ƙwan fitila ma da ƙyar yake haske. Injin doki 2 zai tashi da irin wannan wutar?

Injiniya Aminu: Sau da yawa ba zai tashi ba, kuma wannan ne yake kashe injinan nan fiye da kowane abu. Doki ɗaya wat 746 ne, saboda haka doki 2 kusan wat 1,500 ne yayin da yake gudu. Amma a daidai lokacin tashi motar injin tana fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da take ci tana gudu. Wutarmu volt 230 ya kamata ta kasance. Idan ta yi ƙasa sosai, sai ka ji injin yana gurnani bai juya ba, kuma idan aka bar shi a haka kwayil ɗinsa zai ƙone. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba kuwa, kada ma a gwada. Ni ba na ba mutum shawarar injin doki 2 sai yana da janareta mai kVA 3 ko sama, kuma ya kashe firji da famfon ruwa kafin ya kunna. Wani abu da ake rainawa shi ne doguwar waya siririya, wadda take ƙara rage wutar kafin ta isa. A ajiye injin kusa da soket, a sayi dogon tiyo, iska ta yi tafiyar maimakon wuta.

Hajiya Rabi: Idan haka ne, Injiniya, ashe mai neman babban doki yana iya sayo wa kansa abin da gidansa ba zai iya tayarwa ba. Ni kuwa gidanmu sola muke da ita da inbata.

Injiniya Aminu: Shi ya sa ga gida irin naku na fi son ƙananan nan marasa mai, wato waɗanda ba a zuba musu baƙin mai, masu wat 550 zuwa 750. Iskarsu ba ta kai ta mai doki 2 ba, amma ta ishi bindigar ƙusa da taya, tashinsu ya fi sauƙi, inbata mai ɗan ƙarfi tana ɗaukarsu, kuma ba su da ƙara. Na gargajiya mai baƙin mai yakan kai desibel 90 ko kusa da haka a ma'aunin ƙara, alhali daga desibel 85 ne ake gargaɗin cewa daɗewa a cikin ƙara yana lalata ji, marasa ƙarar kuwa suna tsakanin 60 da 70, ana iya magana a kusa da su. A gidajen cikin gari inda katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, wannan haƙƙi ne da ya kamata a kiyaye.

Malam Bashir: A nan zan ɗan saɓa maka, Injiniya. Masu faci da masu fentin mota da na sani duk mai baƙin mai suke amfani da shi, kuma suna shekaru da shi a rana da ƙura. Marar mai an ce ba ya daɗewa.

Injiniya Aminu: Gaskiyarka, Malam, ga wanda zai kunna shi daga safe zuwa magariba. Mai yana sanyaya fistan yana rage gogayya, kuma kowane makanike zai iya canza masa zobe. Marar mai zoben roba mai santsi yake dogara da shi, wanda yake cinyewa da sauri idan ƙurar hunturu ta shige shi. Amma mai aikin gida da zai kunna shi sau ɗaya ko biyu a mako zai daɗe bai kai ga cinye zoben ba, muddin yana wanke ko canza matatar iskar, kuma ya huta da auna mai da tsoron kada mai ya biyo iska ya ɓata fenti.

Hajiya Rabi: Ni ma ina da tawa tambayar da nake ganin masu shago ba za su so ta ba. Wanda taya kawai yake so ya hura, ko bango kawai yake so ya fenta, anya yana buƙatar wannan inji gaba ɗaya?

Injiniya Aminu: Ba ya buƙata. Mai taya ya sayi ɗan ƙaramin nan mai volt 12 da ake sa wa a soket ɗin mota, ya dai riƙa ba shi hutu bayan kamar minti goma domin yana zafi. Mai bango kuma rola ta ishe shi, ko na'urar feshi mai aiki da lantarki kai tsaye ba tare da tanki ba.

Malam Bashir: Sai batun kuɗi. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashin duk kayan da ake shigowa da su ya riƙa bin dala, shi ya sa ba za mu ambaci farashi ba, domin na wannan mako ba lallai ya zama na mako mai zuwa ba. Da yawa daga masu sauraronmu za su ce gara su nufi Ƙofar Ruwa su nemi na hannu. Me ka gani?

Injiniya Aminu: Abu biyu nake tsoro a na hannu. Na farko, wanda ya fito daga Amurka volt 120 ne a kan hertz 60 a ma'aunin saurin bugun wuta, namu kuwa 230 a kan 50, kuma ko an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta zai yi gudu ƙasa da yadda aka ƙera shi. Na biyu, kuma shi ne mai haɗari, tankin. Duk lokacin da aka matse iska, danshin da ke cikinta yana zama ruwa ya kwanta a ƙasan tanki, musamman da damina daga Yuni zuwa Satumba, kuma idan mai shi na farko ba ya buɗe bawul ɗin ƙasa yana zubarwa, tsatsa tana cin ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Bar 8 yana nufin kusan kilo 8 na danna kowane murabba'in santimita na jikin tankin. Idan ka ga alamar walda ko faci a tanki, ko sabon fenti a ƙasansa kaɗai, ko ka buɗe bawul ruwa ja mai ɓarɓashin tsatsa ya zubo, ka bar shi komai arharsa, domin tankin da ya fashe yana iya kashe mutum.

Hajiya Rabi: Allah Ya kiyaye. To a sabo fa? Na ga injinan Ingco da Total sun cika shaguna, ga kuma wasu da ban taɓa jin sunansu ba, waɗanda suka fi araha nesa ba kusa ba.

Injiniya Aminu: Araha ba ta ado, Hajiya, amma ba suna kaɗai nake bi ba. Ina tambayar mai shago ko yana da makunnin matsi da kafasito da matata da zoben wannan samfurin, domin su ne suke fara lalacewa, kuma injin da babu kayan gyaransa a Kano ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan. Ina tambaya ko kwayil ɗin jan ƙarfe ne ko alminiyam, domin na jan ƙarfe ya fi jure zafi, kuma masu naɗin kwayil sun fi karɓar gyaransa. Bayan gwajin agogo, sai a bar shi a kashe minti biyar ana kallon geji. Idan allura tana sauka, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai, kumfa zai nuna inda yake yoyo. A ja zoben bawul ɗin kariya, wanda yake sakin iska idan matsi ya yi yawa, a ji iska ta fita, a sake shi a ga ya rufe. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da tsawon garanti a rubuce.

Malam Bashir: Kuma mai saye ya ware kuɗin tiyo da mahaɗai da kan hura taya da matatar ruwa idan zai yi fenti, domin sau da yawa ba sa cikin kwalin.

Hajiya Rabi: Ni abin da zan ƙara, tunda samari ne za su riƙa aiki da shi, shi ne kada a bar yara su mayar da tiyon iska abin wasa. Na sha ganin masu koyon sana'a suna kakkaɓe rigunansu da shi, har wani ya nuna wa ɗan'uwansa a fuska.

Injiniya Aminu: Wannan haramun ne a kowane wurin aiki da ya san abin da yake yi. Iskar tana iya cusa ɓarɓashi a ido, ta fasa dodon kunne, ta shiga ƙarƙashin fata idan akwai rauni. A sa tabarau na kariya, a cire tiyo daga bindigar ƙusa kafin a zare ƙusar da ta maƙale, kuma kada a ja layin iska da bututun roba na ruwa, domin idan ya fashe tarwatsewa yake yi. Idan an tashi daga aiki a cire filogi, a sauke iskar, a buɗe bawul ɗin ƙasa ruwan ya fita, a rufe injin da buhu ko tsumma saboda ƙura.

Malam Bashir: Lokacinmu ya cika. Injiniya, Hajiya, mun gode. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, mu kwana lafiya.