Jawabin Maraba ga Farfesa Masanin Ƙwayoyin Halitta

Assalamu alaikum. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai, iyayen yara, malamai da ɗalibai, barkanku da hallara.

Ranka ya daɗe Farfesa, a madadin wannan makarantar kimiyya da ke karkarar Jigawa, ina yi maka lale marhabin, tare da godiya da ka ratso wannan hanya a tsakiyar damina domin ka gana da yaranmu.

Iyayenmu sun tambaye ni aikin baƙon namu. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kuma in ban da jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiyarta, a cikinta kuma akwai zaren gado da ake kira DNA, wanda in aka warware shi zai kai kusan mita 2. Kafin ƙwayar ta rabu biyu, sai ta kwafe zaren nan kaf, aikin da kan ci kimanin awa 8, kuma ba daga wuri ɗaya ake farawa ba, daga dubban wurare ne, kamar yadda 'yan gayya ke raba kunyoyi. Farfesa yakan fasa ƙwayar a hankali, ya ware cibiyar ita kaɗai cikin 'yar kwalba, ya zuba mata sinadaran da take bukata, sannan ya riƙa cire wannan yana mayar da wancan har ya gane wanne ke tayar da kwafin, wanne ke tsayar da shi. Hanyar tana da asali, domin a 1869 wani masani mai suna Friedrich Miescher ya gano DNA ne a cibiyoyin ƙwayoyin da ya samo daga mugunyar bandeji a Jamus.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Zaren nan kamar rubutu yake, harafi ɗaya ne ya sauya a cikinsa ya haifar da sikila, kuma da wuya a sami unguwa a nan da ba ta san jinyarta ba. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke ba masu sikila, shi ne masana ke amfani da shi wajen tsayar da kwafin DNA a ɗakin gwaji.

Makon jiya 'yan aji shida sun daka albasa, suka zuba gishiri da sabulun ruwa, suka tace, suka tsiyaya sifirit mai sanyi, sai ga farin zare, wato DNA ɗin albasar, ya taso kamar yauƙin kuɓewa. Wata ɗaliba ta ɗago shi da tsinke, ta tambaye ni yadda ƙwayar ke sanin ta gama kwafi don kada ta maimaita. Na ce ta adana tambayarta sai ka zo, ga ta can a sahun gaba.

Bismillah, ranka ya daɗe, fili naka ne.