Ƙanzo a Cikin Katomaiza: Abin da Wanki Ke Fitarwa da Wanda Ba Ya Fita

Jama'a, barkanku da wannan lokaci. Katomaiza wani ɗan bututun ƙarfe ne, ɓangaren sigarin lantarki da ake ɗaurawa a kan batir. Shi ke riƙe ruwan sigarin, shi kuma ke dafa shi ya zama tururi. Yana sabo, zuƙa ba wuya, ɗanɗano garau. Bayan 'yan kwanaki sai zuƙa ta yi tauri, tururi ya ragu, ƙauri ya fara bugun maƙogwaro. Da yawa sukan ɗora wa batir laifi, alhali matsalar tana cikin bututun nan.

Bari mu fasa guda ku gani. A tsakiya akwai siririyar hanyar iska. A jikinta ga koyil, wayar nikirom ko kantal da aka naɗe, wani katomaizan guda ɗaya, wani biyu. Kewaye da su an cusa wani farin abu mai laushi kamar audugar matashi, sai dai ba auduga ba ce, zaren roba ne, foliyesta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A gindi ga tiredi, wato zanen da ake murzawa a ɗaura shi kan batir, galibi samfurin 510 ko 808, a baki kuma 'yar murfin roba mai huda a tsakiya. Madaidaicin katomaiza yana ɗaukar ruwa kusan mililita 1.

To daga ina dauɗar take fitowa? Ruwan sigarin haɗi ne na wani sinadari maras kauri da ake kira PG, da VG wato gilisarin, da kayan ƙamshi, da nikotin. PG yana tafasa a wajen digiri 188 a ma'aunin Selshiyos, VG sai ya kai 290, kuma dukansu tashi suke yi su zama tururi. Masu zaƙi irin su sukuralos, da launi, da tsamin ganyen taba, su ne ba sa tashi duka. Suna zama a kan waya su ƙone, kamar yadda tuwo ke barin ƙanzo a gindin tukunya. Kowace zuƙa tana ƙara wani siririn shafi. Ƙanzon nan sai ya shiga tsakanin waya da ruwa, zafi ya kasa wucewa, mai sha ya ƙara tsawon zuƙa don ya sami tururi, wayar ta ƙara zafi, ƙanzo ya ƙara kauri. Shi ya sa baƙin ruwa mai zaƙi yake kashe katomaiza da wuri fiye da farin ruwa maras zaƙi. Ruwa mai VG da yawa kuma kauri gare shi, ba ya ratsa zaren da sauri, sai gefen waya ya bushe tana ci.

Ƙarfin wuta ma yana da hannu. Koyil mai om 2.5 (om ma'aunin turjiyar waya ne ga wuta) a kan batir mai bolt 3.7 yana ba da ƙarfin wuta wat 5 da rabi. Ku sa mai om 1.5 a kan bolt 5, kun haura wat 16, kuma zaren roba ba ya jure wannan.

Nan ne ya kamata a bambance abu biyu. Akwai danƙon tsohon ruwa da ya yi duhu ya cika zaren, ya toshe hanyar iska. Wannan wanki yana fitar da shi. Akwai kuma zaren da ya riga ya ƙone ya manne da waya. Wannan ko a teku aka wanke shi ba zai dawo ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: cire murfin robar, ku leƙa da tocila, ku sansana. In zaren ya yi ruwan ƙasa amma da laushinsa, warin kuma na tsohon ruwa ne, a wanke. In kun ga baƙi ƙirin a kusa da tsakiya, ko wari irin na ƙonanniyar leda, a jefar. Ba ma son kowa ya yi rowar wannan, domin zafin da ya wuce kima yana farfasa PG da VG su ba da sinadarai masu guba, fomaldihaid da akrolin, kuma huhu ne zai karɓe su.

Wanda ya cancanci wanki, ga yadda ake yi. A kwance shi daga batir tukuna. A sa safar hannu, don nikotin yana ratsa fata. A zare murfin da bakin allura, a ajiye shi inda ba zai ɓata ba. Sai a naɗe buɗaɗɗen bakin da tishu, a goge tiredin, a busa ta gindi har ragowar ruwan ya fito. Daga nan a jiƙa shi a ruwan zafi minti 10 zuwa 15. Wasu tafasawa suke yi na kamar minti 5, kuma yana fitar da danƙo sosai, amma yakan sassauta zaren da robar da ke raba wuta a gindi, don haka mun fi son jiƙo. Bayan jiƙon, a cika sirinji maras allura da ruwan ɗumi, a tura ta baki a hankali, a maimaita har ruwan da ke fitowa ya zama fari tas. A hankali muka ce. In aka tura da ƙarfi zaren yana gocewa daga jikin waya, an lalata shi ke nan.

Kwanon da aka yi wannan aiki kada ya koma kicin, ruwan kuma a zubar inda yaro ko dabba ba za su kai ba.

Sabulu da garin wanki ba sa fita daga zaren, kada a sa. Sifirit ɗin kemis kuwa ya fi haɗari, domin akan gauraya shi da metanol, guba ne. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin farin gari a kan waya, gara a yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa.

Shanya ita ce inda aka fi yin kuskure. A sake busawa, a tsayar da shi baki ƙasa a kan tishu, a bar shi aƙalla awa 24. A lokacin hunturu a kifa masa kofi ko kwali mai huda, kada ƙura ta shiga. Sannan kada a kunna shi babu ruwa da sunan ƙone ƙanzo. Wannan dabara ta wasu na'urori ce masu lagwanin silika tsirara. A katomaiza, daƙiƙa kaɗan sun isa foliyesta ya narke.

Ya bushe? A gwada da mitar auna om. Wanda aka rubuta masa om 2.5 ya nuna kusa da haka. In mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke. In ta faɗi kusa da sifili, wuta ta haɗe, kada ya taɓa batir. A goge tiredin batir da auduga mai tsinke, don ruwan da ya taru a wurin yana hana wuta wucewa.

Wajen cikawa, a karkata shi, a riƙa ɗiga ruwa a jikin bango ana juyawa, ban da ramin tsakiya. Bayan wanki yakan sha ɗigo 20 zuwa 25. A bar shi minti 5 zuwa 10 ya jiƙu, a fara da gajerun zuƙa a ƙaramar wuta. Zuƙar farko za ta yi salam, ragowar damshi ne. In bayan wanki na biyu ko na uku ƙaurin ya dawo a rana guda, ƙanzon da ke kan waya ne, sai a sa sabo.