Darasin kiwon hawainiya: haske, zafi da alamomin ciwo

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa masu kallo, barkanmu da war haka daga nan birnin Katsina. Yau kan hawainiya za mu tsaya, domin saƙonnin da kuke turowa kusan duk kuka ɗaya ne: ta daina ci, ta rufe ido, ta faɗo daga reshe, wane magani za a ba ta? To ni dai abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin ka tambayi magani, je ka duba kejinka. Mafi yawan ciwon hawainiya a hannun mai kiwo daga haske ne, ko zafi, ko ƙishirwa.

Akwai kuma wani tarko. Bayanan da kuke karantawa a intanet, mutanen Amurka da Ingila ne suka rubuta yawancinsu, mutanen da rana ke yi wa wuyar gani. Su ƙarin ɗumi suke nema. Mu nan Katsina, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40. Wanda ya kwafi tsarinsu yadda yake, ya kunna fitilar ɗumi a bazara, wallahi gasa dabbar zai yi.

Hawainiyar da ke gabana ita ce mai dogon tozo a ka, asalinta Yaman da kudancin Saudiyya. Ita aka fi sayarwa a duniya, kuma alƙaluman da zan faɗa nata ne. Tamu ta gida, wadda ake gani a lambu da damina, bukatunta ba su yi nisa da waɗannan ba. Amma ina roƙonku, ku daina saye daga yaran da ke kamo ta. Tana zuwa da tsutsar ciki, ga firgici, kuma da wuya ta daɗe a keji. A bar ta a bishiyarta tana rage mana ƙwari.

Mu fara da haske, nan ne aka fi yin asara. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana ce mashi UVB. Idan ya sauka a fatar hawainiya, jikinta yana haɗa bitamin D3, shi kuma wannan bitamin shi ke sa hanjinta ya iya tsotsar sinadarin kalsiyam daga abinci. In babu shi, ko kullum kana ba ta kalsiyam, wucewa zai yi. Jiki kuma ba ya haƙura, sai ya koma yana zarar na cikin ƙashi. A hankali ƙafafu su karkace, muƙamuƙi ya yi laushi, riƙonta ya yi rauni har ta riƙa kama ƙafarta da ɗayar ƙafar a zaton reshe ne. Harshen nan da take harbawa, wanda ya kai tsawon jikinta ko ya fi, sai ka ga ya kasa kaiwa ga fara. Ka ga waɗannan, ciwon ƙashi ya riga ya kama ta. Ana iya tsayar da shi, amma ƙashin da ya karkace ba ya komawa daidai, shi ya sa nake nanata maganar.

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Marusa ta rubuto cewa tata kullum tana bakin taga tana shan rana, amma ƙafarta ta lanƙwashe. Hajiya, tagar taki ta gilashi ce ko? To gilashi yana barin haske da zafi su wuce, amma yana tare UVB kusan gaba ɗaya. Roba mai kauri ma haka. Sai dai raga.

Allah ya hore mana rana kyauta, mu yi amfani da ita. A fitar da kejin raga tsakar gida da hantsi, wajen ƙarfe 8 zuwa 10, ko da na awa ɗaya ne, sau da yawa a mako. Sharaɗi guda: rabin kejin ya kasance a inuwa, da ganye mai duhu da za ta shige in ta ji ya ishe ta. Kada a bar ta ita kaɗai, ga mage ga shaho. Kuma kada a taɓa sa akwatin gilashi a rana, daidai yake da rufe yaro a mota da tsakar rana.

Wanda dole a ɗaki zai ajiye ta, ya nemi doguwar fitilar UVB ta dabbobi masu rarrafe, ya ɗora a saman raga, tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakaninta da reshen da take hawa. Ƙwan lantarki na gida ba ya ba da wannan hasken, na sola ma haka. Kuma ita fitilar tana yaudara: bayan wata 6 zuwa 12 za ka ga tana ci tar, alhali ƙarfin UVB ɗinta ya tafi. Rubuta ranar da ka sa ta a jikinta. Awa 12 haske, awa 12 duhu. Da dare a kashe komai, har jar fitilar nan da ake cewa ba ta gani, tana gani, kuma tana hana ta barci. Ga yawan ɗauke wuta da muke fama da shi, kada ka dogara da fitila kaɗai.

Sai zafi. Hawainiya ba ta haɗa ɗumin jikinta da kanta, hawa da sauka take yi tana nemansa. Don haka keji ya zama dogo, babba tana son kamar santimita 60 faɗi, 60 zurfi, 120 tsawo. Can sama, wurin shan ɗumi, digiri 29 zuwa 32. Ƙasa kuma 22 zuwa 27. Sayi ma'aunin zafi, kada ka auna da hannunka.

Ita da kanta tana gaya maka halin da take ciki. Da safe in ta yi duhu ta baje haƙarƙarinta ta ba rana gefe, ɗumi take tarawa, lafiya lau. In ta wuni da duhun nan ba ta ci, ko sanyi take ji, ko wani abu na tsorata ta. In kuwa launinta ya yi haske sosai, ta buɗe baki, ta sauko ƙasan keji, zafi ya yi mata yawa, kuma wannan ba ya jiran anjima. Mayar da ita wuri mai sanyi, fesa ruwa a ganye, ruwan randa, ba na firji ba. A bazara ɗakin da ke da rufin kwano ba silin bai dace da ita ba sam. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya na kejin, iska ta riƙa bi ta ciki.

Da hunturu, Disamba da Janairu, mutane suka fi ruɗewa. Sanyin dare na digiri 15 ba ya cutar da ita, tana ma son dare ya fi rana sanyi, muddin za ta samu ɗumi da safe. A lokacin ne ƙaramin ƙwan lantarki mai zafi ke da amfani, daga wajen raga, inda bayanta ba zai kusance shi ba. Hawainiya tana ƙonewa ba ta matsa ba, sai daga baya ka ga tabo mai ruwan toka ko baƙi a tozo ko gadon baya. Kaskon gawayi kuma kada ya shiga ɗakinta. Haka turaren wuta, da maganin sauro na hayaƙi, da fiya-fiya. Huhunta ba ya ɗauka.

Abin da hunturu ke kashe ta da shi bushewa ne. Hawainiya ba ta san ruwan kwano ba, raɓa da ɗigon ruwa take lasa a ganye. Ka ga wannan gorar? Na huda gindinta da allura, na ɗora a sama, tana ɗiga kan ganye. Ƙari da feshi safe da yamma, kowanne kamar minti 2, don sai ta ɗan jima tana kallon ruwan kafin ta fara sha. Amma a bar kejin ya bushe tsakanin feshi da feshi. Yadda za ka gane ta ƙoshi da ruwa, duba kashinta. Akwai wani ɓangare fari a jikinsa, shi ne fitsarinta. In fari ne, alhamdulillahi. In ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ga ido ya faɗa ciki, ƙishirwa ce, kuma in ta daɗe ƙoda ce ke lalacewa. Bushewar nan ce kuma ke sa tsohuwar fata ta maƙale a yatsu da bakin wutsiya lokacin saɓa. Ƙara feshi, kada ka fizge.

Abinci a taƙaice: fara, gyare, kyankyason da ka kiwata da kanka, kada girmansu ya wuce tazarar idanunta biyu. Ciyar da ƙwarin da karas, kabewa ko ganyen zogale kwana guda kafin ka ba ta, sannan ka barbaɗa masu garin kalsiyam. Wadda ke shan rana, a ba ta marar D3, yawansa ma cuta ne. Kada ka kamo fara a gonar da aka yi wa feshi. Farar tumfafiya kuwa, mai ado ɗin nan, dafin tumfafiya na jikinta, ko kusa.

Malamai sun karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya sa rai a keji ya ɗauki amana, har da kai ta asibiti. Ga inda dabarar gida ta ƙare. Hawainiya mai lafiya ba ta barcin rana, in ta rufe ido da rana abin ya yi nisa, don tana ɓoye ciwo har sai ƙarfinta ya ƙare. In tana ɗaga kai sama tana numfashi da baki buɗe ba zafi ake ba, ga yauƙi ko kumfa, ciwon huhu ne. In dasashi ya kumbura da wani abu rawaya, bakin ne ya fara ruɓa. Duk waɗannan na likitan dabbobi ne. Kada ka fasa kafson mutane ka ɗura mata, kuma kada ka matsa mata ruwa a baki da ƙarfi, yana iya bi ta hanyar iska. Ka tafi da sabon kashinta a leda a duba tsutsa, da hoton kejin a waya.

Masu mace, ku saurara. 'Yar Yaman tana yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba. In ka ga ta yi ƙiba, ta rage ci, tana zagaye ƙasan keji tana tono, wurin zubawa take nema. Sa mata bokiti da yashi mai danshi, zurfin santimita 30, danshin da in ka haƙa rami ba zai rufta ba. Ka lulluɓe gefen kejin da zane, kowa ya daina leƙe, domin in ta ga ido a kanta sai ta bar ramin. In ta yi kwana biyu tana tono tana fasawa, ta yi lakwas, ƙwan ya maƙale, a kai ta likita a ranar.

Ɗaya a keji ɗaya, ba ta son abokiyar zama, ba ta son yawan ɗauka. Ba ta da dafi kamar yadda ake faɗa, amma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta ko kejinta, musamman yara. Mai tambaya ya turo da hoton keji da abin da ma'aunin zafi ya nuna da azahar. Wassalamu alaikum.