Ƙwai da suka tsaya a rabin hanya

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum, daga Birnin Kebbi muke. Likita, wata ƙanwata a Argungu ta yi wata huɗu ba ta ga al'ada ba, ga gashi yana fito mata a haɓa. An yi hoto aka ce ƙulli ne cike da ma'ajiyar ƙwanta. Tun ranar take kuka.

Likita: Allah sarki. Hajiya, a fara share mata hawaye, domin abin da kika kwatanta ya yi kama da larurar ma'ajiyar ƙwai da ake kira PCOS, ita kuwa ba ƙari ba ce. Kowane ƙwai yana zaune cikin 'yar jakarsa. Duk wata jakunkuna da yawa kan fara girma, ɗaya ta yi fice ta saki ƙwai. A wannan larurar sai su tsaya duka suna ƙanana, milimita 2 zuwa 9, a jere kamar carbi.

Mai gabatarwa: Kamar shinkafar fadama da ta yi ganye amma ba ta fitar da kai ba.

Likita: Haka ne. Shi kuma gashin daga bangon jakar yake samo asali. Bangon waje yana sarrafa sinadarin maza idan wani sinadari mai suna LH ya zo daga ƙwaƙwalwa, na ciki kuma ya juya shi zuwa na mata da taimakon wani sinadarin mai suna FSH. Idan LH ya rinjayi FSH, na maza ya taru, ya hana jakar nuna, ya fito da gashi da ƙuraje. Insulin, sinadarin da ke daidaita sukari, idan ya yi yawa a jini, ƙara wa wutar itace yake.

Mai gabatarwa: Amma a gida cewa ake sanyi ne. Ta sha jiƙo har ta gaji.

Likita: Nan ne yake min ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ba a gano su ba cikin masu wannan larura za su iya kai kashi 70 cikin 100. Ga gorin dangin miji, a kira mace juya alhali ƙwanta na nan.

Mai gabatarwa: To hoton kaɗai ya isa?

Likita: A'a. Tun ƙa'idar da masana suka tsayar a birnin Rotterdam a 2003, sai an ga biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamar sinadarin maza, da hoton. Ta dawo a gwada jininta da sukari. In haihuwa take nema, akwai letrozole, maganin da ke taimaka wa ƙwai ya nuna ya fita, amma likita ne zai rubuta mata.

Mai gabatarwa: Yau ɗin nan zan kira ta, in sha Allahu.